Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga NNRA da NAEC: Ina Ruwan Wankin Zai Je?

Zuwa ga shugabannin Hukumar Sa Ido Kan Ayyukan Nukiliya ta Najeriya, NNRA, da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, NAEC, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya haƙuri da jama'a.

Ni ba masanin nukiliya ba ne. Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse, kuma na kwashe shekaru ina yawo da injin haƙa tsakanin Zariya da Kano da ƙauyukan da ke kan hanya. Ɗan abin da na sani bai wuce ruwan da ke ƙarƙashin ƙafarmu ba: inda yake kwanciya, yadda yake tafiya, da irin abin da yake kwasowa a hanya. Da wannan ɗan sanin nake rubuto muku. Na zaɓi in yi da Hausa, a bainar jama'a, domin masu rijiyoyin su ma su karanta, tunda cikinsu ne zai karɓi duk abin da aka yanke a ofis.

Duk majalisar da aka ambaci nukiliya, hankalin mutane kan bom yake tafiya. Mai sauraron rediyo ya kawo Chernobyl, wani ya kawo Fukushima, a yi ta neman tsari, a watse. Ni kuwa abin da ke hana ni sakewa ba shi da ƙara, ba shi da hayaƙi. Ruwan wanki ne. Babu masana'antar da ba ta wanki. Za a wanke inji, a sanyaya ƙarfe, a ɗauraye kwalaben ɗakin gwaji, a goge daɓe, a wanke rigunan ma'aikata. Cibiyar binciken nukiliya ita ma masana'anta ce, sai dai ma'aikatanta sun fi yawan digiri. Ruwan nan dole ya je wani wuri, kuma tambayar da ta kawo ni ke nan.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Wata shekara da rani wani magidanci ya kira mu mu haƙa masa burtsatse a wata unguwa da ke bayan wani kamfanin jimar fata. Muka yi awon ƙasa, muka kafa inji, kafin la'asar ɗin rana ta biyu ruwa ya yi tsiri, yara suna ta tsalle cikin taɓo. Muka zura bututu, muka zuba tsakuwa, muka saka sumo, aka biya mu, aka shafa fatiha. Ruwa garai-garai. Bayan wata biyu sai ya sake kirana, murya a sanyaye. Uwargida ta ce sabulu ba ya kumfa, shayi ya canza ɗanɗano, in ruwan ya kwana a randa kuma sai a ji wani ɗan wari-wari. Muka kai ruwan awo, takarda ta dawo da gishiri mai yawa da sinadarin kuromiyom, wanda majeman zamani ke jiƙa fata da shi. Na zagaya bayan katangar kamfanin na tarar da ƙaton rami, ba siminti ba komai, baƙin ruwa yana kwarara ciki. Maigadin wurin, wani dattijo mai fara'a, har da yi mini alfahari, wai ramin nan albarka gare shi, shekara da shekaru ana zuba masa ruwa bai taɓa cika ba. Ban tanka masa ba. Ramin da ba ya cika ai wani wuri yake juyewa, ni kuma na riga na ga wurin. Magidancin nan ya cire sumonsa ya sayar, ya koma sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa, kuɗin haƙa kuwa sun bi ruwa.

Na daɗe ina ɗauka wannan halinmu ne mu kaɗai, halin ƙasar da doka ke barci. Sai da na bi tarihin wata cibiya a Amurka na gane cewa masu digirin ma sun haƙa irin ramin dattijon nan, nasu ma ya fi zurfi.

A 1949 gwamnatin Amurka ta keɓe wani makeken fili a saharar jihar Idaho, mai faɗin murabba'in kilomita 2,300, domin gwajin tukwanen nukiliya, wato injunan da ake ƙona makamashin nukiliya a cikinsu. A nan ne ranar 20 ga Disamba 1951 aka fara samun lantarki mai amfani daga nukiliya, aka kunna ƙwan fitila huɗu. Tukwane 52 aka gina a filin, kuma cibiyar tana nan tana aiki har yau. A ƙarƙashinta akwai wani babban tafkin ƙasa, ruwa kwance cikin tsagogin baƙin dutsen aman wuta, yana gangarawa kudu maso yamma har ya ɓullo a jikin gaɓar Kogin Snake a wurin da suke kira Thousand Springs. Mutum wajen dubu ɗari uku ne ke sha daga gare shi, da shi kuma ake ban ruwan gonakin dankalin Turawa da jihar ta yi suna da shi.

A cikin filin akwai wata masana'anta da ke narka tsohon makamashin tukwane da asid domin a tsamo sauran yuraniyom ɗin da bai ƙone ba. Dattin da ya fi zafin tiriri, wato hasken nukiliya mai cutar da jiki wanda ido ba ya gani, a manyan tankuna ake zuba shi. Sauran ruwan aiki kuwa, na sanyaya injuna da na wanke matatai, wanda shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, sai aka haƙa masa rijiya mai zurfin kusan mita 180. Ruwan ƙasa a wurin ana samunsa tun daga wajen mita 140. Ku dubi lissafin. A bakin masu sana'armu, wannan sokawe ne da aka zurfafa shi da gangan har ya shige cikin ruwan sha. Daga farkon shekarun 1950 har zuwa Fabrairun 1984 ana ɗura masa ruwa, biliyoyin lita. Bututun rijiyar ma ya taɓa ruɓewa ya rufta, aka gyara aka ci gaba. Sai a 1989 aka cike ta da siminti.

Ba ɓoye suka yi ba, kuma a wancan lokacin ba su karya doka ba. Hujjarsu ita ce wurin sahara ne, ba kowa kusa, ƙasa za ta riƙe abin da za ta riƙe, sauran kuma yawan ruwa zai surka shi. Akwai gaskiya a wani ɓangare na maganar. Wasu sinadaran, irin su sisiyom, suna manne wa dutse da yumɓu, ba sa nisa. Amma akwai tiritiyom, wanda shi ba datti ne da ke yawo a cikin ruwa ba, wani nau'in haidurojin ne da ya shiga ginin ruwan kansa. Alif ba ya kwantar da shi, rariya ba ta tare shi, tafasawa ba ta fitar da shi, duk inda ruwa ya sa kai nan shi ma ya sa. Sauƙinsa ɗaya, duk bayan shekara 12 da 'yan watanni ƙarfinsa yana raguwa da rabi. Sitirontiyom-90 sai ya yi wajen shekara 29 kafin ya ragu da rabi, kuma jikin mutum yana ɗaukarsa a matsayin sinadarin gina ƙashi, ya kai shi ƙashi ya ajiye. Shi kuwa aidin-129 rabinsa kawai sai bayan shekara miliyan 15 da dubu ɗari bakwai. Duka ukun sun bi ta rijiyar nan. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an fara ganin burbushin tiritiyom a rijiyoyin awo da ke bakin iyakar kudu ta filin, fiye da kilomita goma daga inda aka zuba shi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daga Idaho ba shi da alaƙa da tiririn nukiliya ko kaɗan, kuma ina roƙon ku tsaya a kansa. A arewacin filin akwai wani sashe da aka gina domin ƙera jirgin sama mai tashi da nukiliya, aikin da aka soke a 1961 ba tare da jirgin ya taɓa tashi ba. Nan ma an haƙa rijiyar zuba datti, mai zurfin mita casa'in da 'yan kai, aka yi ta amfani da ita daga 1953 zuwa 1972. Ruwan bayan gida ya shiga, ruwa mai ɗan tiriri ya shiga, sai kuma wani sinadarin wanke maiƙo daga jikin ƙarfe da ake kira TCE, irin wanda kowace masana'antar ƙarfe ta wancan zamani take da gangunansa. Aka daina amfani da rijiya, aka manta. A 1987, shekara goma sha biyar bayan haka, sai ga TCE a rijiyoyin da ma'aikatan wurin suke sha. Da aka bi sawunsa aka tarar ya miƙe a ƙarƙashin ƙasa kusan kilomita uku. Sinadari ne mai jawo ciwon daji, abin da dokarsu ta yarda da shi a ruwan sha kuwa kashi 5 ne kacal cikin biliyan. Tun daga shekarun 1990 suke fama. Suna zuƙo ruwan su busa masa iska sinadarin ya fita, su mai da shi. Har ciyar da ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwan ƙasa suke yi domin su cinye dattin, abincin kuwa har da garin ruwan da ke ragewa idan an cire cuku daga madara. Ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, ga ta tana ɗura wa rijiya ruwan cuku saboda wankin da aka yi tun kakanni na samari.

A wani sashen kuma kuromiyom ne, wanda suke zubawa a ruwan sanyaya injuna don kada bututu ya yi tsatsa, har zuwa 1972. Ɗan gidan su wanda na gani a takardar magidancin nan ne, sai dai nau'in na Idaho ya fi dafi. Na'urar da ke ƙara in ta ji tiriri ba za ta ce uffan ba a kan TCE ko kuromiyom. Jami'in da ya zo da ita kaɗai zai iya zagaye rijiya, ya sa hannu cewa lafiya lau, alhali ruwan ba ya shawuwa.

Ko bayan sun daina ɗurawa a rijiya ba su huta ba. A 1984 suka koma zuba ruwan a manyan kududdufai domin ya tsotse a hankali. Sai ya zama ruwan da ke tsotsewa yana taruwa a tsakanin duwatsu, ana fargabar ya tura tsohon dattin da ya zube a ƙasa ya kai shi ga ruwan sha, domin a 1972 kaɗai wajen lita dubu 70 na datti mai zafi ya tsiyaye a filin tankuna lokacin da ake juye shi. Dole a 2002 aka tashi kududdufan aka kai su wajen kilomita uku nesa. Wato ko ruwa mai tsabta, in aka zuba shi a kan ƙasa mai datti, ɗan dako ne.

Ba zan yi musu rashin adalci ba. Abin da aka auna a rijiyoyin jama'a da ke wajen filin bai kai iyakar da doka ta gindaya ba, tiritiyom ɗin ma yana ta raguwa da kansa. Sa'ar da suka yi ita ce faɗin fili da zurfin ruwa. Amma akwai abu ɗaya da ba sa'a ba ne, shiri ne: tun 1949, kafin tukunya ko ɗaya ta fara aiki, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta fara auna ruwan wurin, kuma ba ta daina ba. Ba ita ke tafiyar da cibiyar ba, rahotanninta kuma kowa yana iya ɗauka ya karanta. Da ba don wannan ba, da ni mai haƙar rijiya a Zariya ban san zurfin sokawensu ba.

Ga kuma inda aka yi sakaci da awon. Cibiyar bincike ta Brookhaven tana tsibirin Long Island a jihar New York, inda jama'a ba su da wani ruwan sha sai na ƙarƙashin ƙasa. Hukumar lafiya ta gundumar ta nemi a haƙa rijiyoyin awo kusa da tukunyar binciken da ke wurin. Aka amsa a 1994, aka yi ta jan ƙafa, ba a haƙa ba sai 1996. Ana haƙawa sai ga tiritiyom, a wata rijiyar har ya ninka iyakar ruwan sha sau 32. Kwamin da ake jiƙa tsohon makamashi ne yake yoyo, kuma bincike ya nuna zai yi shekara goma sha biyu yana yi. Mu kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To wannan ɗakin cike yake da masana, har da masu lambar Nobel a tarihinsa, ba su sani ba, saboda ba su leƙa ba. Hukumomi sun ce ruwan bai kai ga famfon kowa ba, amma jama'a sun riga sun daina yarda. A watan Mayun 1997 gwamnati ta kori ƙungiyar jami'o'in da ke tafiyar da cibiyar tun 1947, a 1999 kuma aka rufe tukunyar har abada. Rijiyoyin da aka ƙi haƙawa a kan lokaci, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. A Arlit, arewacin Nijar, inda 'yan'uwanmu da yawa suka je cin rani suka zauna, ana haƙar yuraniyom tun 1971 a mahaƙar SOMAÏR, a mahaƙar COMINAK kuma daga 1978 har aka rufe ta a ƙarshen Maris 2021, ta bar tarin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20. Can ma'adini ake haƙa, ba bincike ake yi ba, amma maganar ruwan ɗaya ce, ta ma fi tsanani, domin ruwan ƙarƙashin sahara tsohon ajiya ne, damina ba ta mayar da abin da aka ɗiba. A rahoton da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta fitar a 2010, huɗu daga cikin ruwa biyar da ta ɗiba a yankin sun haura iyakar yuraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin da ke haƙar ya ce nasa awon bai nuna matsala ba. Tun 2003 da ƙungiyar mutanen Arlit ta Aghir In'Man ta gayyato masu awo na CRIIRAD daga Faransa ake wannan ja-in-ja, kamfani da takardarsa, ƙungiyoyi da tasu, mai shan ruwan yana tsakiya da moɗa a hannu.

Yanzu in dawo gida. Muna da tukunyar bincike guda ɗaya, NIRR-1, a Cibiyar Bincike da Horarwa Kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana aiki tun 2004. Ina so a fahimce ni da kyau, ba zarginta nake yi ba. Ƙarama ce ƙwarai, ƙirar ƙasar Sin, ƙarfinta kilowat 30 da ɗan ɗoriya, kamar a jona dutsen guga talatin a lokaci guda, zuciyarta kuma ba ta fi bokitin fenti ba. Ba ta ba da lantarki. Aikinta gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da tsirrai da abinci, har ma da irin ƙarafan da nake kuka da su. A 2018 an sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi, aka mayar wa Sin da mai ƙarfin, kamar yadda Ghana ta yi da tata a 2017. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo, na kuma yaba. Kwatanta ta da Idaho kamar kwatanta kurfoti ne da tanderun gidan burodi.

Abin da ke gaba shi ne damuwata. A Zariyar akwai ma'ajiyar tsofaffin kayan tiriri da aka gama amfani da su. A Sheda, kusa da Abuja, akwai cibiyar fasahar nukiliya, an kuma yi yarjejeniya da Rosatom, kamfanin nukiliya na gwamnatin Rasha, kan gina tukunyar bincike babba. An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren tashar lantarki, an sa hannu kan wasu takardun a 2017. Ko an jima ko an daɗe wani abu zai tashi a ɗaya daga cikin wuraren nan, ruwan wankinsa kuma ba zai zama na bokiti ba. Mu ba mu da filin Idaho, ba mu da zurfin ruwansu. A ƙasar Zazzau rijiyar hannu gaba kaɗan ce, a watan Agusta wata ma da hannu za ka ɗebo. Ƙarƙashin jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse akwai dutse mai tsago, ruwa kuma tsagon yake bi, ba ya bin taswirar kowa. Na sha haƙa rijiya ta ba da ruwa kamar kogi, in matsa taku ashirin in haƙa wata ta fito da ƙura. Datti ma haka zai yi, ya tsallake rijiyar awo ya ɓulla a gidan wani. Sannan duk katangar da gwamnati ta gina a daji, ba a shekara ashirin sai gari ya iso ta, kowane gida da burtsatsensa, kowane burtsatse yana jawo ruwa zuwa gare shi.

Don haka babban roƙona shi ne awon farko. Tun ran gini ran zane. Kafin a zuba harsashin komai a Sheda ko Geregu ko Itu, a ɗebi ruwan wurin a auna, rani da damina, shekara biyu ko uku a jere, a rubuta a ajiye. Kada a tsaya kan rijiyoyin cikin katanga. A shiga unguwa, a ɗebi na rijiyar masallaci da ta makaranta da ta gidan mai unguwa da rafin da mata ke wanki. Dalilin da ya sa na nace shi ne ƙasarmu da kanta tana da nata tiririn. Duwatsunmu suna ɗauke da yuraniyom da toriyom na halitta, wanda ya san dusar kuza ta Jos ya san haka. In ba a san yadda ruwa yake kafin a fara ba, ranar da aka ga wani abu cibiya za ta ce daga Allah ne, jama'a su ce daga cibiya ne, kuma babu alƙalin da zai iya raba gardamar. Awon farko kariya ne gare ku kamar yadda yake kariya gare mu.

Sai maganar rijiyoyin awon kansu, a nan kam ina da bakin magana. A haƙa su ta sama da ta gangaren ruwa, wasu gajeru cikin ruɓaɓɓen dutse, wasu su kai tsago. A tsaya a kan mai haƙa lokacin da yake zuba simintin da ke toshe gefen bututu, domin nan ne 'yan sana'armu suka fi cin amana. Buhu biyar aka rubuta, biyu za a zuba, ba mai gani tunda ƙasa ta rufe. Rijiyar da ba a toshe gefenta ba hanya ce aka buɗe wa dattin sama ya sauka kai tsaye, ka ga an je neman magani an haƙo cuta. Kuma a ware musu kuɗin kulawa na dindindin. Duk mun san burtsatsen ɗan majalisa, ranar buɗewa da kiɗa, bayan shekara biyu awaki ne ke kwana a gindinsa. Rijiyar awo aikinta na shekara hamsin ne ko fiye, sai ta ga bayan wanda ya haƙa ta da wanda ya ba da kwangilar.

Ina kuma roƙon NNRA ta rubuta ƙarara a cikin kowane lasisi cewa babu zuba ruwan aiki a rijiya, babu ramin da ba a shimfiɗa masa abin tare ruwa ba, komai ƙanƙantar tiririn da aka ce yana ciki. Kowace lita da ta shiga cibiya a san inda ta fita. Kwamin da ake ƙara wa ruwa kullum ana cewa zafin rana ne ke shanye shi, a tuhume shi.

Akwai wani rami kuma da ke tsakanin ofisoshi. Dokar 1995 da ta kafa NNRA kan tiriri take magana. Sinadaran masana'antu na hannun hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda take da ƙa'idojin kare ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa tun 2011. To TCE da kuromiyom da ke fitowa daga cibiyar nukiliya na wa ne? Ina jin tsoron ranar da wannan zai ce ba tiriri ba ne, ba ruwana, wancan ya ce wurin nukiliya ne, ba ni da izinin shiga. Ku zauna ku raba wannan aikin a rubuce tun yanzu, kwalba ɗaya a auna ta ta fuska biyu.

Kuma kada mai cibiya ya zama shi kaɗai ne mai awo. Wanzami ba ya son jarfa. Muna da hukumar kula da al'amuran ruwa ta NIHSA, muna da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna, muna da sassan ilimin ƙasa a jami'o'in da ba su da hannu a aikin. A raba ruwan da aka ɗiba gida biyu, kowa ya auna nasa, a buga duka biyun ko sun saɓa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ni damar in rubuto in nema, amma tsohuwar da ke jan guga ba za ta rubuta wa Abuja wasiƙa ba, bai kuma kamata sai ta rubuta ba. A Zamfara a 2010 da gawarwakin yara aka gano gubar dalma, yara wajen ɗari huɗu, kuma likitocin agaji na MSF ne suka fara lura. Ba na fatan mu sake gano wani abu ta wannan hanyar.

Abin da nake nufi da bugawa ba littafi mai shafi ɗari uku da Turanci ba ne. Takarda ɗaya ce, da harshen mutanen wurin: sunan rijiya, ranar da aka ɗiba, abin da aka samu, iyakar da doka ta yarda, da abin da aka samu bara. A manna ta a ƙofar mai unguwa, a karanta a rediyon jiha. Ku fara da Zariya, tunda nan ce ke da tukunya mai aiki, nan ce kuma na fi kyautata zaton sakamakon zai fito fes. Jama'a su saba ganin takardar tun tana ɗauke da labari mai daɗi, ku ma ma'aikatanku su saba fitar da ita.

In kun tashi turo masu ɗiba, su zo a watan Afrilu kafin ruwan farko, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, su sake dawowa a ƙarshen Agusta. Su nemi masu haƙar burtsatse na yankin su zauna da su, domin a kanmu taswirar take: mun san wace rijiya ce ta kai dutse, wacce ta tsaya a yashi, da wadda aka haƙa kusa da salga. Ni dai a shirye nake in ajiye aikin yini biyu in zagaya da su, ba sai an biya ni ba.

Ina jiran amsarku a fili, kamar yadda na rubuto a fili. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai haƙar rijiyar burtsatse,
Zariya.